Tarihin Tukwanen Ƙasar Abuja da Yadda Randa Ta Koma Kayan Ado

Garin Uke yana bakin babbar hanyar da ta fito daga birnin tarayya Abuja ta nufi Keffi, kuma ko da yake a lissafin mulki yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, cinikinsa da zirga-zirgarsa sun rataya ne ga Abuja, yadda na Mararaba da Masaka suka rataya. Ƙasar da ta kewaye shi, tun daga dutsen Zuma har zuwa Keffi, mazauni ce ta Gwari, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, da Gwandara da Gade da Koro da Yeskwa, tare da Hausawa da Fulani waɗanda fatauci da kiwo da jihadi suka kawo. A cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya ajiye a wannan yanki akwai yumɓu mai kyau a gaɓar rafuka da fadamu, wanda mata suka riƙe shi sana'a tun zamanin da alƙalami bai kai gare shi ba. Abin da ya sa tarihin wannan sana'a ya cancanci a tsaya a kansa da natsuwa shi ne, a nan ne tukunyar ƙauye ta tashi daga gindin murhu ta shiga gidajen tarihi na Turai, kuma tafarkin da ta bi bai saɓa da wanda tukwane da kujerun ƙauyukan Faransa suka bi ba, waɗanda attajiran duniya ke rububinsu a yau.

Asalin al'amarin ya yi nisa ƙwarai. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da sassaƙen yumɓu gasasshe a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu, sa'an nan a cikin shekarun 1940 wani Bature mai suna Bernard Fagg ya lura cewa waɗannan kawunan mutane da na dabbobi duk aikin al'umma ɗaya ne, ya raɗa musu sunan ƙauyen. Daga baya ya yi tono a Taruga, nan kusa da Abuja, ya tarar da matoyan narkar da ƙarfe tare da tukwane, waɗanda masana suka ƙiyasta shekarunsu da ɗaruruwa kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ba hujja ba ce a ce maginan Gwari na yau jikokin mutanen Nok ne, amma dai ya tabbata cewa fiye da shekara dubu biyu ke nan ana haƙar yumɓun wannan ƙasa ana gasa shi, da hannun da ya san aikinsa.

Gidan Bahaushe na dā, haka kuma gidan maƙwabcinsa Bagwari, ba ya tsayuwa sai da yumɓu. Akwai randa a gindin bango domin ajiyar ruwa, da tulu mai ƙaramin baki na ɗauko shi daga rafi, da tukunyar tuwo da ta miya, da kasko na suya, da tanda mai gurabu ta waina, da kaskon wuta na hunturu da kaskon turare, da buta da shantali na alwala, har da asusu wanda yaro ke jefa anini a cikinsa, ba ya ganin abin da ya tara sai ranar da ya fasa shi. Malamai ba su taɓa samun abin zargi a kan waɗannan ba, domin abin da shari'a ta hana shi ne ci da sha a cikin mazubin zinariya da azurfa, ita kuwa ƙasa, wadda daga gare ta aka halicci Annabi Adamu, tsarkakakkiya ce. Kuma wanda ya ajiye randa a ƙofar masallaci ko a bakin hanya don matafiya su sha, ana lissafa masa ita cikin sadaka. Hikimar randa kuwa tana cikin abin da mai kallon sama-sama zai ɗauka aibi ne, watau tsatsar da take yi. Jikinta yana da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, ruwa yana fitowa ta cikinsu kaɗan-kaɗan, iska tana busar da shi, busarwar kuma tana janye zafi daga ruwan da ke ciki. Da wannan ƙa'ida ce Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse ta jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar Rolex a kanta. Tukunyar girki ita ma, saboda tsingaro da ake niƙawa a cuɗa da yumɓunta, tana jure harshen wuta a kan duwatsun murhu ba ta tsagewa.

Yadda Bagwariya ke gina randa abu ne da ya kamata a bayyana shi filla-filla, gama duk sauran labarin a kansa ya ginu. Ba ta da keken gini, ba ta da ma'auni. Takan ɗora curin yumɓu a kan sakaina ko tsohon kasko, ta luma dunƙulen hannu a tsakiyarsa, ta riƙa jawo gefen sama da yatsu. Idan ya ɗan tashi sai ta mulmula wani yumɓun ya yi tsawo, ta riƙa naɗa shi a baki tana matsewa, hannu ɗaya a ciki yana tarewa, ɗaya a waje yana shafewa. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiyar ce ke kewaya ta a sunkuye, tana tafiya da baya, har cikin randar ya buɗe ya yi faɗi, ya sake tsukewa wajen wuya. Daga nan sai ta ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ta kama bakin da shi, ta yi kewaye biyu ko uku da sauri, sai ga baki ya fito a daidaice. In ta sha iska ta ɗan yi tauri, sai a kankare ta, a murza mata murɗaɗɗiyar igiya ko guntun ice mai tsaga don ya bar sawunsa, sa'an nan a raba jikinta gida-gida da zane, a cika gidajen da siffar ƙadangare da kunama da hawainiya da kada da kifi da tsuntsu da maciji, ko wanne an shimfiɗa shi an cike cikinsa da ƙananan layuka. Gashi kuwa da rani ake yinsa, a bayan gari: a jera tukwane a kan itace, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta, kafin wani dogon lokaci an gama. Wasu sukan yayyafa wa tukunya ruwan makuba, watau na ɓawon ɗorawa, tun tana da zafi, sai ta yi duhu ta yi sheƙi. Matan Gwari kuma, kamar yadda kowa ya sani, a kafaɗa suke ɗaukar kaya ba a ka ba, haka suke kai randunan kasuwa.

Kayan ɗaki na itace ba su yi yawa ba a wancan zamani, domin zaman tabarma da buzu ake yi. Akwai gadon kara, da gadon ƙasa wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa don mai jego ko tsoho, da 'yar kujerar mata ta tsugunno, wadda Nupawa suka yi fice wajen sassaƙa ta daga gungume ɗaya da ƙafafu masu yawa, da turmi da akushi, da adudu na ajiyar tufafi, da ragaya inda ake rataye ƙwarya. Amma abin da ke nuna matsayin mace shi ne jere, watau kayan da iyayenta suka tara mata, waɗanda 'yan uwa mata ke zuwa su shirya a ɗakin amarya kafin a kawo ta: ƙorai masu zane bisa juna, da faya-fayai, da tasoshin tagulla na Bida in akwai hali. Jere dukiyar mace ce ta kanta, miji ba shi da iko a kansa, kuma yawancinsa ba a cin abinci a ciki, don gani aka jera shi. Ashe ke nan al'adar ajiye mazubi domin ƙawa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, sai dai mu sabo fil muke jerawa, Turawa kuwa tsoho suka koma nema.

To, a ƙauyukan Faransa ma haka zaman yake har zuwa ƙarni na 19. A garin Biot, kusa da gaɓar Bahar Rum, an yi ɗaruruwan shekaru ana gina manyan randuna da hannu, ta hanyar naɗa yumɓu bisa yumɓu, ana shafe cikinsu da ruwan ƙyalli domin ajiyar man zaitun da hatsi, ana loda su a jiragen ruwa zuwa ƙasashe. A kudu maso yammacin ƙasar, inda ake kiwon agwagi, akwai wata tukunya mai kunnuwa biyu wadda ake zuba dafaffen nama a ciki a nutsar da shi cikin kitsensa don ya kai hunturu. Rabin jikinta na sama yana da shafen ƙyalli rawaya, rabin ƙasa kuwa an bar shi tsurarsa. Suna kuma da nasu tulun marar shafe wanda ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsa, bisa ƙa'idar nan da muka ambata. Wajen itace kuwa sun fi mu nisa, saboda dazuzzukansu da sanyin ƙasarsu da ya hana zaman ƙasa. A lardin Normandi uba yakan sa kafinta ya yi wa 'yarsa babban kabad na aure, a sassaƙa masa furanni da zangarniyar alkama da kurciyoyi biyu, a cika shi da zannuwan gado, a kai shi gidan miji a bainar jama'a, wanda shi ne jerensu. A lardin Provence akwai wani ɗan akwati mai sanduna da ake ratayewa a bango don burodi ya sha iska, da kwamin cuɗa ƙullu mai ƙafafu. Kafintocin ƙauye sun ari lanƙwasar ƙafa da ta ƙofa daga salon fadar Sarki Louis na 15, suka rage mata ado, suka bar ruwan zinariya, suka ci gaba da yin ta shekaru masu yawa bayan mutanen Paris sun yi watsi da ita.

Da masana'antu da jirgin ƙasa suka kawo kwanon ƙarfe da kwalba da arha, kuma samari suka kwarara birane, sai manoman Faransa suka jefa waɗannan kaya a rumbu da bayan ɗaki. A daidai wannan lokaci ne masu ilmi suka farga da su. Mawallafin waƙoƙi Frédéric Mistral ya kafa gidan adana kayan mutanen Provence a birnin Arles a ƙarshen ƙarni na 19, ya kuma zuba masa kuɗin lambar Nobel da ya samu a 1904. A 1937 aka kafa gidan tarihin sana'o'i da al'adun talakawa a Paris ƙarƙashin Georges Henri Rivière. Dillalai suka bi sawu, suna shiga ƙauyuka suna saye da araha suna sayarwa da tsada, har ya zama tsaguwar baki da dusashewar fenti da cin gara, waɗanda dā su ne dalilin zubar da abu, sun koma shaidar asalinsa. A Ingila ma wannan shauƙi ya kama wasu, cikinsu har da Bernard Leach, wanda ya koyi gini a Japan ya buɗe ma'aikatarsa a St Ives a 1920, da almajirinsa Michael Cardew, haifaffen 1901, wanda ya yi karatu a jami'ar Oxford amma ya zaɓi yumɓu. Cardew ya farfaɗo da wata tsohuwar maginar ƙauye a Winchcombe a 1926, muradinsa shi ne ya yi tukwanen da talaka zai saya ya yi amfani da su, sai dai mafi yawan masu sayensu ba talakawa ba ne. A 1942 ya tafi Gwalkwas, wadda ake kira Ghana yanzu, ya yi aiki a Achimota, sa'an nan a Vume a bakin kogin Volta, inda ya sha wahala da ciwo da asara.

Ita kuwa Abuja ta wancan lokaci ba wannan birni mai faɗin tituna ba ce. Masarauta ce ta Haɓen Zazzau, waɗanda suka fito daga Zariya tare da Sarki Muhammadu Makau sa'ad da mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin a farkon ƙarni na 19. Bayan rasuwar Makau ƙanensa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi da sunansa. A 1950, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki Cardew jami'in kula da ginin tukwane, sarkin da ke kan gado shi ne Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau a 1944, tsohon ɗalibin kwalejin Katsina kuma tsohon malamin makaranta, mutum mai son ilmi da sana'a. Cardew ya zagaya ƙasar yana duba yumɓu da magina, kuma ya kamata a yi masa adalci a kan abin da ya fahimta: ya gane cewa tukunyar gargajiya ta dace da aikinta, ba ta bukatar gyaran kowa, don haka shawararsa ita ce a ƙyale ta, a kafa wata sana'a dabam ta tangaran domin ma'aikata da 'yan boko masu shan shayi a kan tebur. A gidan Sarki ya ga wasu randuna da aka tara saboda kyansu, ya tambayi maginiyarsu, aka ce masa wata mata ce daga Kwali, sunanta Ladi. Abin lura a nan shi ne, Sarkin Abuja ya riga Bature sanin darajar wannan aiki, shi ya fara ɗauke randa daga bakin rijiya ya ajiye ta don kallo. Samun yumɓu da itace da ruwa, da kuma goyon bayan Sarki, su suka sa aka zaɓi Abuja. Aka fara gini a 1951, makarantar koyon ginin tukwane ta buɗe a 1952.

An haifi Ladi Kwali wajen 1925, ta koyi gini tun tana yarinya a hannun wata 'yar uwar iyayenta, bisa al'adar gidan magina. Ta shiga makarantar a 1954, ita ce mace ta farko a cikinta, ta koyi aiki da keken da ake juyawa da ƙafa, tana yin kwanuka da kofuna da butocin shayi. Amma abin da ya ɗaukaka sunanta shi ne randar nan ta gida, wadda ta ci gaba da ginawa da hannu tana kewayawa, sai dai yanzu da yumɓu na dabam, wanda aka haɗa da farin yumɓu da niƙaƙƙen dutse. Takan zana dabbobinta, a cusa farin yumɓu a cikin zanen, a tsoma randar a ruwan ƙyalli, a sa ta a tanderu mai cin itace a gasa har zafi ya haura digiri 1,200, alhali wutar ciyawa ta bayan gari ba ta kaiwa ko kusa da haka. A irin wannan zafi yumɓu yakan haɗe ya toshe, ya yi ƙara in an ƙwanƙwasa, ƙadangaru kuma su riƙa leƙowa ta ƙarƙashin ƙyalli mai duhu. Aka kai irin waɗannan randuna baje koli a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, masu kuɗi suka saye. Ita kanta ta je Ingila da Faransa da Jamus a farkon shekarun 1960, ta kuma zagaya Amurka tare da Cardew a 1972, tana gina randa a gaban ɗalibai da malaman jami'a, ba ta jin harshensu ba su jin nata. Wasu matan suka biyo bayanta a makarantar, kamar Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, kuma a 1974 Magdalene Odundo, 'yar Kenya wadda ta zama babbar maginiya a Ingila, ta zo Abuja ta koyi ginin hannu a wurinsu.

Sai dai randar da ta fito daga tanderun Cardew ta rasa abu biyu da suka mai da uwarta randa. Ƙofofin jikinta sun toshe, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Nauyinta kuma ya ƙaru har ba macen da za ta saɓa ta a kafaɗa zuwa rafi. Kuɗinta ma ya fi ƙarfin gidan da aka haifi siffarta. A ganina wannan bai rage ko ƙwayar zarra daga fasahar Ladi ba, domin daidaiton cikin randarta da ƙarfin zanenta tun daga Kwali ta zo da su, wuta mai zafi ba ta ƙara mata komai ba illa dawwama. Amma wajibi ne a faɗi gaskiya cewa burin da aka kafa makarantar dominsa bai cika ba. Ƙananan cibiyoyin da aka buɗe a Sakkwato da Kano ba su yi dogon rai ba, kuma masu sayen kayan Abuja galibi Turawan mulki ne da manyan ma'aikata da 'yan kasuwar Landan. Matan ƙasa sun riga sun yanke nasu hukunci, sun zaɓi kwanon ƙarfe mai fenti, wanda aka fara shigowa da shi daga Turai da Hong Kong kafin a kafa masana'antunsa a cikin gida. Ba ya fashewa in ya faɗi, ba shi da nauyi, ga launi ja da shuɗi da fure, kuma ana iya jera shi bisa juna har rufin ɗaki. Langa da kwalla da fanteka da kumbo suka kori ƙwarya daga jere, gadon ƙarfe mai rumfa ya kori gadon kara, daga baya kabad mai gilashi ya zo aka cika shi da tangaran na Sin, sa'an nan roba ta zo ta gama da tulu da buta. Ban ga laifin matan nan ba ko kaɗan, gama wadda ta taɓa fasa tulu a hanyar rafi bayan ta cika shi ba ta bukatar a yi mata wa'azi a kan falalar bokiti.

Girmamawa kuwa ta yi ta zuwa. Sarauniyar Ingila ta ba Ladi Kwali lambar MBE a farkon shekarun 1960. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin dakta na girmamawa a 1977, ita da ba ta yi karatun boko ba. A 1980 ta sami lambar cancanta ta ƙasa wadda ake ba manyan masana, a 1981 kuma lambar OON. Ana cikin haka ƙasar kanta ta sauya a ƙarƙashin ƙafarta. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa sabon babban birni a tsakiyar Nijeriya, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuma aka koma kiransa Suleja saboda Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya rasu a 1979. Ta haka ne makarantar tukwanen Abuja ta wayi gari a jihar Neja, Kwali kuwa ta faɗa cikin yankin birnin tarayya, har ta zama ɗaya daga ƙananan hukumominsa shida. Cardew, wanda ya bar aikin a 1965, ya rasu a Ingila a 1983, Ladi ta bi shi a Minna ranar 12 ga Agusta 1984, ba ta ga ƙaurar gwamnati zuwa sabon birnin ba, wadda aka yi a Disamba 1991. An sa wa makarantar sunanta, haka ma wani titi a Abuja, kuma da aka sake fasalin kuɗi a 2007 sai aka buga hotonta tana gini a bayan takardar naira 20, wadda fuskarta ke ɗauke da hoton Murtala.

Silsilar almajiranci ba ta yanke ba. Michael O'Brien ya gaji Cardew a shugabancin makarantar, kuma daga baya ya yi ta dawowa Nijeriya yana taimakon tsofaffin ɗalibai su tsaya da ƙafarsu, da tanderun da bai cika cin itace ba da kayan haɗi na gida. Daga wannan tsatso Danlami Aliyu ya fito, aka kafa maginar Maraba a kusa da Kaduna a cikin shekarun 1980, da ta Bwari a hannun Stephen Mhya. A Ushafa, inda matan Gwari suke da tsohuwar sana'a, aka gina cibiya a zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, kuma can aka kai shugaban Amurka Bill Clinton a watan Agusta na 2000. Masu sayen kayan waɗannan wurare har yau su ne ma'aikatan ofisoshin jakadanci da masu otal da masu neman tsaraba, watau dai irin mutanen da suka sayi na Cardew.

Wanda ya bi hanyar Nyanya zuwa Uke a yau zai ga inda sha'awar jama'a ta karkata. Rumfunan kafintoci sun cika bakin titi, kuma abin da suka fi fitarwa rana shi ne manyan kujeru masu lanƙwasassun ƙafafu da sassaƙen fure a ka, an fesa musu ruwan zinariya an lulluɓe su da karammiski, tare da gado da madubi da kabad na amarya masu irin wannan ado. Asalin wannan salo fadar sarakunan Faransa ce, amma bai zo mana kai tsaye ba, ya biyo ta Italiya da Turkiyya da garin Dumyat na Masar, wanda kafintocinsa suka daɗe da shahara a kansa, daga nan namu suka kwaikwaya daga hotuna a waya. Saboda haka attajirin Amurka yana biyan kuɗi mai yawa don ya sami teburin manomin Faransa da cin gararsa, uban amarya a Masaka kuwa yana cin bashi don ya sami kujerar Sarkin Faransa sabuwa dal. Ko wannensu yana neman abin da kakansa bai mallaka ba. A gefen kafintocin akwai masu sayar da shuke-shuken ado, kuma a wurinsu ne randa ta sami sabon aiki, domin masu gidaje a Maitama da Asokoro suna son ta a ƙofar gida da fure a ciki. Sukan huda gindinta don ruwan ban-shuka ya tsiyaye, wani lokaci su shafa mata fenti, kuma tana gogayya da tukwanen siminti da ake zubawa a mazubi, waɗanda suka fi ta arha da jure bugu. A ƙauyukan da ke nesa da titi, inda wutar lantarki ba ta zama, har yanzu ana sayen randa don ruwan sha da tukunya don dafa magani, masu waina kuma da yawansu sun koma tandar ƙarfe, ko da yake akwai waɗanda suka tsaya a kan ta ƙasa saboda ba ta saurin ƙona gindin waina.